Tarihin Talla a Ƙasar Ƙauran Namoda

A zamanin da, ba a sanin haja a ƙasar Zamfara sai ta bakin mutum. Fatake su sauka Zurmi ko Shinkafi da gishiri da goro, dillali ya kai labari, yara su zaga gida gida da talla domin matan kulle. Mai saye ya gani, ya taɓa, ya taya. In an yi masa algus, ya san wanda zai kama.

A shekarar 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda daga Zariya. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, suna sayen gyaɗa da auduga, suna sayar da atamfa da sabulu da kananzir. Sannu a hankali tambarin kamfani ya soma tsayawa a madadin shaidar dillali. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga baya talla ya kai ƙauyuka a takarda da rediyo.

Amfaninsa, manomi ya ji labarin kayan da bai taɓa gani ba. Illarsa kuwa, takarda ba ta faɗin aibin abin da take yabo, ba a kuwa iya yi mata tambaya. Saboda haka wanda ya iya karatu ya karanta talla, amma ya tuna gani ya kori ji.