Ɗalibi kuma malami: tallafin da Jami'ar Michigan ke bai wa masu neman babban digiri da ke koyar da kiɗa

A manyan jami'o'in Amurka, ɗaliban da ke karatun digiri na biyu ko na uku ne ke ɗaukar wani kaso mai yawa na koyar da 'yan digirin farko. Su ke shiga ƙananan azuzuwa, su jagoranci atisaye, su duba aikin gida, su ba da maki. Jami'a kuma tana biyan su albashi, sau da yawa tare da ɗauke musu kuɗin makaranta. A Jami'ar Michigan da ke birnin Ann Arbor, kamar yadda yake a Jami'ar California ta Berkeley, ana kiran mai wannan matsayi GSI a taƙaice, ma'ana ɗalibin babban digiri mai koyarwa.

Wanda ya samu wannan aiki a fannin horar da malaman kiɗa da waƙa yana riƙe da matsayi uku a lokaci guda. Ɗalibi ne da ke da nasa karatu da bincike, ma'aikaci ne da ke da kwantiragi da sa'o'in aiki, sannan makaɗi ne ko mawaƙi wanda kunnensa da muryarsa da yatsunsa su ne jarinsa. Tallafin da jami'a ke bayarwa ya rabu bisa waɗannan matsayai, kowanne da ofishinsa, kuma mafi yawansa sai wanda ya nema ake ba shi.

Aikin da suke yi

An kafa Jami'ar Michigan a 1817, ita kuwa tsangayarta ta kiɗa, wadda a yau ta haɗa da wasan kwaikwayo da rawa, asalinta na komawa ne zuwa 1880. Tsangayar na da tsohon suna a fagen horar da malaman kiɗa. A nan Joseph Maddy ya koyar, mutumin da ya kafa sansanin horar da matasa makaɗa na Interlochen a 1928. A nan kuma Allen Britton ya yi aiki, editan farko na mujallar binciken ilimin koyar da kiɗa da aka fara bugawa a 1953.

Malamin kiɗa a makarantar gwamnati ta Amurka kan tarar da aji ɗaya cike da kayan kiɗa iri-iri. Don haka ɗalibin digirin farko da ya ƙware a kan sarewa dole ne ya koyi tushen ƙaho, da goge irin na Turawa, da ganguna, da piyano, gwargwadon yadda zai iya ɗora yaro a kan hanya. Irin waɗannan darussa na daga cikin abin da ɗalibai masu koyarwa ke riƙewa a tsangayoyin kiɗa. Haka nan suna taimakawa wajen horar da kunne da karanta rubutun kiɗa, da jagorancin ayarin makaɗa ko mawaƙa, da kuma ziyartar makarantun firamare da sakandare domin duba ɗaliban da aka tura gwajin koyarwa.

Yawancin masu neman digirin digirgir a wannan fanni sun riga sun koyar da yara na wasu shekaru. Sai dai koyar da yaro busa daban ne da koyar da babba yadda zai koyar da yaro busa, kuma a nan ne buƙatar horo ke fara bayyana.

Cibiyar inganta koyarwa

Ƙofa ta farko ita ce Cibiyar Bincike kan Koyo da Koyarwa, wadda aka fi sani da CRLT. An kafa ta a 1962, kuma ana ɗaukar ta a matsayin cibiya ta farko irinta a jami'o'in Amurka. Tana shirya wa sabbin ɗalibai masu koyarwa taron share fage kafin a buɗe aji, inda ake tattauna tsara darasi, da ba da maki bisa adalci, da tafiyar da ajin da ya tara mutane daga wurare daban-daban. Cikin abin da ake yi har da gwajin koyarwa, inda mutum zai gabatar da ɗan gajeren darasi a gaban takwarorinsa, su kuma su faɗa masa inda ya yi kyau da inda ya kamata ya gyara.

Wani aiki na cibiyar da malamai ke amfana da shi shi ne jin ra'ayin ɗalibai a tsakiyar zango. Malami ne ke gayyato mai ba da shawara, shi kuma ya zauna ya kalli darasi, daga nan malamin ya fita, a tambayi ɗaliban abin da ke taimaka musu da abin da suke son a sauya. Mai ba da shawarar zai tattara amsoshin ya zauna da malamin su duba tare. Sakamakon na malamin ne, ba a aika shi ga shugaban sashe, kuma yana zuwa ne tun akwai sauran lokacin gyara. Wannan na da muhimmanci a ajin kiɗa, domin ɗalibin da ke jin kunyar busa a gaban abokansa ba kasafai yake faɗa wa malami ido da ido ba.

Cibiyar tana kuma da ayarin 'yan wasan kwaikwayo da ke nuna gajerun wasanni kan matsalolin aji domin buɗe tattaunawa. Tare da Makarantar Manyan Digirori ta Rackham, tana ba da takardar shaidar ƙwarewa a koyarwa, da kuma horo na musamman ga masu shirin zama malaman jami'a, inda ake koya musu rubuta bayanin manufarsu ta koyarwa da tsara manhajar darasi, abubuwan da ake nema lokacin neman aiki.

Abin da ya shafi dabarun kiɗa kansa, kamar yadda za a gyara riƙon kayan kiɗa ko numfashin mawaƙi, yana hannun farfesan da ke kula da darasin. Shi ne uban gidan ɗalibi mai koyarwa a wannan ɓangare, kuma zama da shi a kai a kai ya fi duk wani taron bita amfani.

Albashi, sa'o'in aiki da ƙungiyar ƙwadago

A matsayinsa na ma'aikaci, ɗalibi mai koyarwa yana ƙarƙashin yarjejeniyar da jami'a ta ƙulla da Ƙungiyar Ma'aikata Ɗaliban Manyan Digirori, GEO, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi irinta a Amurka. Ta samu yarjejeniyarta ta farko ne a 1975 bayan yajin aiki na kusan wata guda. Yarjejeniyar ce ke ƙayyade albashi, da yafe kuɗin makaranta, da inshorar lafiya da ake kira GradCare, da hutun rashin lafiya da na haihuwa, da hanyar shigar da ƙorafi.

Ana auna aikin ne da kaso. Wanda aka ɗauka a kan rabin cikakken aiki ana sa ran ya yi kimanin sa'o'i 20 a mako, kuma lissafin ya haɗa da shirya darasi, da duba ayyuka, da ganawa da ɗalibai, bayan lokacin tsayuwa a aji. A fannin kiɗa wannan lissafi kan kuɓuce, saboda atisayen dare, da ranakun wasa a gaban jama'a, da tafiya zuwa makarantun da ake gwajin koyarwa. Shi ya sa ake shawartar ma'aikaci ya riƙa rubuta sa'o'insa, domin da wannan shaida ce zai nemi a rage masa aiki ko a daidaita biyansa.

Waɗannan haƙƙoƙi da ja-in-ja aka same su. A ranar 29 ga Maris, 2023, ƙungiyar ta shiga yajin aikin da ya kai har watan Agusta, mafi tsawo a tarihin jami'ar. An kammala da yarjejeniyar shekara uku da ta ƙara wa ma'aikatan Ann Arbor albashi da kashi 8 cikin 100 a shekarar farko, da kashi 6 a ta biyu, da kashi 6 a ta uku.

Ban da albashi, Makarantar Rackham na ba ɗalibanta tallafin kuɗin bincike, da na halartar tarukan ƙara wa juna sani, da agajin gaggawa idan wata lalura ta taso ba zato. Tana kuma da ofishin da ke sauraron saɓani tsakanin ɗalibi da mai duba bincikensa. Ga masu iyali, jami'ar na da tallafin kuɗin renon yara, sannan akwai rumbun abinci na kyauta ga ɗaliban da hannunsu ya gaza.

Lafiyar kunne, murya da gaɓoɓi

Wannan ɓangare ne ya fi bambanta malamin kiɗa da takwaransa na lissafi ko tarihi. Cibiyar Kula da Lafiyar Ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta ba da shawarar kada ƙarar da kunne ke sha ta wuce desibel 85 na tsawon sa'o'i 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi: desibel 88 sa'o'i 4 ne, 91 sa'o'i 2, 94 sa'a guda, 100 kuwa minti 15 kacal. Ɗakin da ya cika da masu busa ƙaho da masu kaɗa ganguna na iya zarce mataki na farko, shi kuwa ɗalibi mai koyarwa yakan fito daga irin wannan ɗaki ne ya shiga nasa atisayen. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Saboda haka Ƙungiyar Makarantun Kiɗa ta Amurka, NASM, wadda aka kafa a 1924, ta wajabta wa makarantun da take tantancewa su ilimantar da ɗalibai kan kare ji, da murya, da tsoka da gaɓoɓi. A Michigan, tsangayar kiɗa na da shirinta na kula da lafiyar masu wasa, asibitin jami'ar kuma na da cibiyar lafiyar murya, inda likitocin maƙogwaro ke aiki tare da ƙwararru kan gyaran magana da waƙa. Malamin da ke ɗaga murya sama da sautin kayan kiɗa kullum na cikin waɗanda dishewar murya ta fi kamawa.

Ga damuwar rai, da fargabar tsayawa a gaban jama'a, da gajiyar haɗa karatu da aiki, akwai sashen ba da shawara da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, CAPS, wanda ke duba ɗaliban da suka yi rajista kyauta kuma cikin sirri.

Dokokin da malami zai kiyaye

Wasu ofisoshin aikinsu shi ne nuna wa sabon malami iyakarsa. Dokar tarayya ta 1974 da aka sani da FERPA ta kare bayanan karatun ɗalibi, don haka malami ba ya da damar bayyana makin ɗalibin jami'a ga kowa yadda ya ga dama, ko da iyayensa ne suka tambaya. Ofishin kula da ɗalibai masu buƙata ta musamman ne ke sanar da malami sauƙin da ya wajaba a yi wa ɗalibi, kamar ƙarin lokacin jarrabawa ko rubutun kiɗa mai manyan alamomi.

Sashe na 9 na dokar ilimi ta 1972 ya haramta wariya saboda jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya, kuma a ƙarƙashinsa ake duba ƙorafin cin zarafi. Darasin kiɗa kan kasance tsakanin mutum biyu a ƙaramin ɗaki, wani lokaci har da gyara kafaɗa ko yatsun ɗalibi, shi ya sa neman izini kafin taɓa jiki ya zama ladabin sana'ar. Jami'ar ta kuma hana soyayya tsakanin ɗalibi mai koyarwa da ɗalibin da ke ƙarƙashinsa.

Kayan aiki da baƙin ɗalibai

Ɗakin karatu na kiɗa yana cikin Ginin Earl V. Moore, wanda Eero Saarinen ya zana aka buɗe a 1964, kuma a nan malami ke samun rubutattun kiɗe-kiɗe da faifai don darasinsa. Taskar kayan kiɗa ta Stearns, wadda ta samo asali daga kyautar attajiri Frederick Stearns a ƙarshen ƙarni na 19, tana ɗauke da kayan kiɗa fiye da 2,500 daga sassan duniya. Cibiyar rubutu ta Sweetland kuwa tana taimaka wa masu rubuta kundin digiri.

Baƙin ɗalibai na da ƙofofi biyu na ƙari. Cibiyar Harshen Ingilishi, da aka kafa a 1941, tana horar da baƙi masu koyarwa kan magana a aji da al'adun ɗaliban Amurka. Cibiyar kula da baƙin ɗalibai kuma ita ke ba da shawara kan biza. Mai bizar karatu ta F-1 ba ya da izinin yin aiki a harabar jami'a fiye da sa'o'i 20 a mako yayin da ake karatu, don haka wanda aka ɗauka a kan rabin aiki ya riga ya cika ma'auninsa.

Bambancinsa da tsarin Najeriya

Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wadda aka kafa a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, wata jami'a dabam da ta Ann Arbor, ita ce ta fara buɗe sashen kiɗa mai ba da digiri a ƙasar nan a 1961. Sai dai matsayin mataimakin malami mai digirin farko a jami'o'in Najeriya matakin farko ne na aikin koyarwa: ana ɗaukar mutum ma'aikaci, daga baya ya nemi digiri na biyu domin samun ƙarin girma, kuma malaman makarantun gwamnati na iya neman tallafin ƙaro karatu daga asusun TETFund. A Amurka karatun ne ke gaba, aikin kuma zango-zango ake sabunta shi, yana ƙarewa da ƙarewar karatun.

Don haka ɗan Najeriyar da ya samu tayin irin wannan gurbi, abin da ya kamata ya fara dubawa a takardar shi ne kason aikin da aka ba shi, da adadin zangunan da aka lamunce masa, da ko an ɗauke masa kuɗin makaranta gaba ɗaya, da ko inshorar ta haɗa da iyalinsa. A Michigan manyan zanguna biyu ne, daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, da kuma daga Janairu zuwa Afrilu, saboda haka ya dace ya tambayi sashen a rubuce abin da zai dogara da shi daga Mayu zuwa Agusta kafin ya sa hannu.