Baƙin allo a Gwarzo: tarihin rigimar kenel da direban katin hoto

1/ Ranar da laftof ɗina ya tashi da baƙin allo, saura kwana 9 in miƙa babi na uku na furojet. Ina gida Gwarzo, hutu. Na kunna, tambari ya fito, sai ɗif. Ɗan layi fari kawai ke ƙyaftawa a kusurwa. Ku gyara zama, zaren yau dogo ne 🧵

2/ Na kai wa wani mai gyara. Ya kalla minti biyu ya ce, "Ɗalibi, a yi fomatin kawai a saka maka Windows." Aikin wata huɗu yana ciki, ba ni da kwafi ko a filas. Na ce masa, "Oga, bari in je in yi shawara." Gumi nake yi ana tsakiyar hunturu.

3/ Ga abin da na yi a daren jiya: na sayi datar dare, na sabunta Linux ɗin da ke kai, na kwanta. A cikin sabuntawar har da sabon kenel. Direban katin hoto kuwa da hannuna na sauke shi na saka watanni baya. Laifin nawa ne. Amma tarkon da na faɗa ya girme ni.

4/ Kalmomi biyu tukuna. Kenel shi ne ƙwayar tsarin kwamfuta, shi ke magana da ƙarfen kai tsaye: ma'ajiya, kibod, allo. Direba kuma ƙaramar manhaja ce da ke koya wa kenel yadda zai sarrafa wata na'ura, misali katin hoto, mai zana duk abin da kake gani a allo.

5/ Mu koma 25 ga Agusta 1991. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ɗan shekara 21, ya sanar cewa yana rubuta kenel don nishaɗi. Sa'anmu ne a lokacin. A 1992 ya sa shi ƙarƙashin lasisin GPL: kowa ya karanta, ya gyara, amma idan ya raba, ya raba da asalin rubutun.

6/ Da farko direbobi a jikin kenel ake gina su, abu guda. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 aka samu hanyar ɗora su daban, a cusa a cire kwamfuta tana aiki. Su ake kira modul. Wannan ƙofar ce ta ba kamfanoni damar kawo direbansu daga waje ba tare da nuna rubutunsa ba.

7/ A nan gizo ke saƙar. Masu Linux sun ɗauki alkawari ɗaya da ƙarfi: sabon kenel ba zai karya manhajojin da mutane ke amfani da su a sama ba, irin burauza. Amma game da cikin kenel kansa, inda modul ke maƙalewa, sun ƙi ɗaukar alkawarin komai. Da gangan.

8/ A 2004 Greg Kroah-Hartman, ɗaya daga manyan masu kula da kenel, ya rubuta takarda da har yau tana cikin kundin Linux. Hujjarsa: idan aka daskarar da cikin kenel, kurakurai da ɓarakar tsaro za su daskare tare da shi. Mai son direbansa ya ɗore, ya kawo shi ciki a buɗe, duk wanda ya canza abu zai gyara masa.

9/ Kenel kuwa ba ya zama. Kusan duk mako 9 zuwa 10 sabo ke fita. Kowane yana da jakarsa ta modul, kuma kowane modul yana ɗauke da hatimin kenel ɗin da aka gina shi dominsa. Sabon kenel ya leƙa jakarsa bai ga direba ba, shi ke nan. Ko ka tura masa tsohon, hatimi bai dace ba, zai ƙi.

10/ Ku ɗauke shi kamar ɗinki. Direba riga ce, kenel mai sakawa. Fayilolin da ake kira linux-headers su ne awo. Mutum ya canza jiki, dole tela ya sake ɗinki da sabon awo. Ni na ba da ɗinki sau ɗaya na sallami tela, sannan na kawo sabon mutum na ce ya saka.

11/ Yanzu ɗaya ɓangaren. An kafa NVIDIA a 1993 a Amurka, Jensen Huang da abokansa biyu. A 1999 suka fito da GeForce 256. Da suka zo Linux sai suka zaɓi hanyarsu: babban direba a rufe, da ɗan siririn rubutu a buɗe wanda ake ginawa a kwamfutarka don ya haɗa shi da kenel ɗinka.

12/ Direban yana da ƙarfi, ba a musu. Amma tunda yana waje, masu kenel ba sa iya gyara shi idan sun canza abu. Shekaru da yawa al'adar ita ce: ka sabunta kenel, allo ya mutu, ka shiga wurin rubuta umarni ka sake gina direba da hannu. Kowane lokaci.

13/ A 2003 injiniyoyin Dell suka fito da DKMS. Aikinsa ɗaya: ya ajiye rubutun modul, duk lokacin da sabon kenel ya shigo ya sake gina shi da kansa. Wato tela ya tare a gidanka. Sharaɗi dai awo ya kasance a hannunsa. Babu headers, babu ɗinki.

14/ A Oktoba 2004 Ubuntu ya fito, aikin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu. Rabe-raben Linux irinsa suka riƙa ajiye direbobin nan a rumbunsu, suna gwada su da kenel ɗin da suke turawa. Shi ya sa direban rumbu ya fi wanda ka sauke da kanka kwanciyar hankali.

15/ Wasu kuma suka ce ba za su jira kamfani ba. Aikin Nouveau, 'yan uwanmu na Maraɗi sun san kalmar, "sabo" da Faransanci, ya riƙa nazarin yadda katin NVIDIA ke aiki daga waje, ba tare da takardun kamfanin ba. Ya shiga kenel 2.6.33 a 2010. Yana kunna allo, amma ya daɗe bai kamo na kamfani a gudu ba.

16/ Yuni 2012, Jami'ar Aalto a Finland. Wata daga cikin masu sauraro ta kawo wa Torvalds kuka kan laftof ɗinta mai katin hoto biyu. Ya ce NVIDIA ne kamfanin da ya fi ba su wahala, ya juya ga kyamara ya yi musu daƙuwa irin ta Turawa. Bidiyon yana nan har yau 😂

17/ Sauran kamfanoni wata hanya suka bi. Direban Intel a cikin kenel yake. AMD ta fara sakin takardun katinta a 2007, kuma direbanta amdgpu ya shiga kenel 4.2 a 2015. Mai irin waɗannan, direbansa tare da kenel yake zuwa. Riga da mai riga a ɗaki ɗaya suke girma.

18/ A Mayu 2022 NVIDIA ta buɗe rubutun modul ɗinta a jerin 515, a 2024 kuma, daga jerin 560, ta mai da buɗaɗɗen shi ne zaɓin farko. Babban sauyi ne. Amma ku lura da abu biyu: har yanzu a wajen kenel yake, dole a gina shi. Kuma daga katin zamanin Turing na 2018 zuwa sama kawai ya shafa.

19/ Nan labarin ya iso mu. Laftof da yawa da muke saya a Farm Centre ko Beirut Road na hannu ne, sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka. Katinsu na iya girmar 2018. Misali, katin zamanin Kepler direbansa ya tsaya a jerin 470. Kenel na ta gaba, direba na tsaye.

20/ Wanda ke da intanet mara yankewa, matsalar nan ta minti goma ce. Ga ɗalibi a Gwarzo ko Getso, kuɗin data ne, cajin batir ne, da mai gyaran da maganinsa ɗaya, fomatin. Rigimar da aka fara a Helsinki da Kalifoniya, mu ke biyan kuɗin motarta.

21/ Yadda na tsira. Sabuntawa ba ta goge tsohon kenel nan take. Na kashe na kunna ina danna Esc (wasu Shift ne) har jerin GRUB ya fito, na shiga Advanced options, na zaɓi kenel ɗin da ke ƙasa da sabon. Allo ya dawo. Abin da na fara yi: kwafe furojet a filas biyu.

22/ Sai bincike. Umarnin uname -r ya nuna lambar kenel da nake kai. dkms status bai nuna komai ba, wato direbana ba shi da tela. Headers na sabon kenel ma babu. Ga kuma dalilin baƙin: lokacin da na saka direban, an toshe na kyauta mai zuwa da Linux, don haka babu mai karɓar aiki.

23/ Sauke sabon direba yana son data da caji, unguwarmu kuwa ranar babu wuta. Na hau mota zuwa Kabo, wurin abokina mai sola. Ya kalle ni ya ce, "Mutumina, duk wannan tafiyar don baƙin allo?" Na ce, "Kai dai ba ni soket."

24/ A ɗakinsa na cire direban da na saka da hannu, na sauke dkms da linux-headers na sabon kenel, na saka direba daga rumbun Linux ɗina. Da na sake kunnawa, shuɗin allo ya fito yana neman kalmar sirri. Ban tsorata ba, na karanta labarinsa.

25/ Wannan Secure Boot ne, wanda ya yaɗu da zuwan Windows 8 a 2012. Ba ya barin modul mara sa hannu ya hau. Sai ka yi rajistar makullinka, abin da ake kira MOK, sau ɗaya. Da yawa a nan suke danna tsallake, su koma baƙin allo, su ce gyaran bai yi ba.

26/ Abin da zan bar muku: kada ku goge tsohon kenel sai kun ga sabon ya tashi lafiya. Direba daga rumbu, ba daga fayil ɗin da kuka tsinta ba. Kafin ku biya kuɗin laftof na hannu, ku duba sunan katin hotonsa da jerin direban da ke ɗaukarsa. Kuma kada ku sabunta kenel a makon miƙa aiki.

27/ Babi na uku ya shiga a kan lokaci, alhamdulillah. Idan allonka ya yi baƙi bayan sabuntawa, fayilolinka suna nan, kada ka bari a yi maka fomatin. Danna Ctrl+Alt+F3, ka shiga, ka rubuta uname -r da dkms status, ka ɗauki hoton da waya ka ajiye min a ƙarƙashin zaren nan. Za mu duba tare.