Zuriyar Gimi: Yadda Ake Bin Sawun Kakanninmu Na Karkara

Sau da yawa a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan akan ce wa Bahaushe mai bin Almasihu baƙo ne, wai addininsa da shi kansa daga wani wuri aka kawo su. Wannan magana ba ta tsaya a baki kawai ba. Takan taso sa'ad da ake shari'ar gona, ko neman filin maƙabarta, ko takardar shaidar ɗan ƙasa ta ƙaramar hukuma. Wanda bai san sunan kakansa da kufan gidansu ba, da wuya ya sami amsa. Saboda haka za mu ɗauki gida ɗaya da tarihi ya san shi, gidan Malam Bulus Audu, mu ga yadda ake bin sawu.

Labarin ya faro ne daga Kano. A zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa ƙwarai. Ya tara almajirai, aka riƙa kiransu Isawa. Da ya ƙi janye koyarwarsa, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watsu zuwa ƙauyukan iyakar Kano, Zazzau da Ningi. Can suka yi noma, suka yi aure, suka koya wa 'ya'yansu abin da malaminsu ya bar musu.

A 1913 waɗansu daga cikin zuriyar nan suka zo Zariya wurin Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a birnin tun 1905. Suka ji bishara, da dama suka karɓi baftisma. Malam Bulus Audu daga cikin wannan jama'a ya fito. Ba da daɗewa ba aka kafa musu ƙauye a Gimi, cikin ƙasar Makarfi ta yau, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Amma cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya kashe mutane da yawa. Ƙauyen ya watse. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya kuma Wusasa, inda mishan ya ƙaura a 1929.

Ɗan Malam Bulus, wato Ishaya Audu, an haife shi a 1927 a Anchau, kudu maso gabas da Ikara. Ya yi makaranta a Wusasa, ya zama likita, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a 2005. Duniya ta san ɗan. Uban kuwa mutumin karkara ne, kuma ta wurinsa ne zaren ya koma har ga almajiran Malam Ibrahim.

Abu na farko da wannan gida ya koya mana shi ne, kakanninmu ba su zauna wuri ɗaya ba. Tsanani, ciwo da neman gona sun yi ta tashinsu. A Anchau ma, daga 1937 gwamnatin mulkin mallaka ta tashi ƙauyuka don yaƙi da ciwon barci, ta gina sabon gari, Takalafiya. Don haka mai bincike kada ya tsaya ga inda gida yake yau. Ya tambayi inda aka taso, ya je kufai, ya ga tsohuwar rijiya da kuka da kaburbura.

Na biyu, littafin baftisma yakan fara ne daga ranar da mutum ya shiga ikilisiya. Abin da ya wuce kafin nan yana bakin tsofaffi. A nan sunaye sukan ruɗar da mutum. Kaka ɗaya zai iya zama da sunan yanka, da sunan rana kamar Ɗanladi, da laƙabi kamar Tanko, da sunan baftisma. Matarsa ba za ta faɗi sunansa ba saboda alkunya, haka ma sunan ɗanta na fari. Sai a rubuta dukan sunayen, a kuma tambayi ƙanwarsa ko abokin wasansa. Gidajen Maguzawa sukan ɗauki sunan wanda ya kafa su, Gidan wane, kuma wannan suna kansa shaida ce. Tsagar fuska ita ma takan nuna dangi.

Na uku, a bi ta wajen mata. Da yake sunan uba muke ɗauka, uwa takan ɓace daga lissafi, alhali aure ne ya ɗaure ƙauyukan Hunkuyi, Makarfi da Ikara da juna. Tsohuwa ce ta san wadda aka kai wane gida da wanda ya riƙe wane. Idan muka bi wannan hanya za mu iske 'yan'uwanmu na jini a masallaci, waɗansu kuma har yanzu suna kan al'adar gargajiya. Kada mu share su daga takarda. Matiyu sura 1 bai ɓoye Tamar, Rahab da Rut ba cikin asalin Ubangijinmu.

Littafi Mai Tsarki ya nuna mana gefe biyu. A Ezra 2:59-62 waɗansu sun kāsa nuna asalinsu, har aka hana waɗansunsu aikin firist. Bulus kuma a 1 Timoti 1:4 ya yi gargaɗi a kan lissafin asali marar iyaka da ke haifar da gardama. Ba don fahariya muke wannan bincike ba, ba kuma domin a bambanta ɗan tsohon gidan masu bi da sabon tuba. Ceto ba gādo ba ne. Muna yinsa ne domin jama'armu su san cewa a nan aka binne cibiyarsu, su kuma gane maƙwabcin da ba ya zuwa sujada tare da su ɗan'uwa ne.

Aikin nazari: kafin ƙarshen wannan zango, kowane ɗalibi ya zaɓi tsoho ɗaya da tsohuwa ɗaya a ikilisiyarsa. Ya rubuta sunayen iyayensu da kakanninsu, inda suka taso, gidajen da suka yi auratayya, da wanda ya fara kawo musu bishara. Ya karanta musu abin da ya rubuta su gyara, sa'an nan ya ajiye kwafi ɗaya tare da littafin baftisma, ya ba iyalin ɗaya.