Wa Ya Ciyar Da Malamin? Karatun Kyauta Daga Wurno Zuwa Goronyo

A wannan makon za mu leƙa gabashin Sakkwato da tambaya ɗaya: idan aka ce ɗan talaka a karkara ya yi karatun addini kyauta, wa ke ɗaukar nauyin malaminsa? Tarihin Wurno da Rabah da Goronyo yana da amsa.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gaji mahaifinsa Shehu Usmanu a 1817, shi ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka. A can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Manufarsa ita ce a zaunar da makiyaya da manoma wuri ɗaya, a gina masallaci, a kawo malamin da zai karantar da yara. A tsarin makarantar allo malami ba ya yanka wa uba kuɗin karatu, amma ba ya kwana da yunwa. Yana da gona, manyan ɗalibai na taya shi noma, da kaka yana samun zakkar hatsi, ranar Laraba kuma iyaye su aiko da abin da ya sawwaƙa. Ɗan talaka ya yi karatu kyauta ne domin gari ya biya masa.

Mata ma sun samu nasu tsarin. Nana Asma'u, ƙanwar Bello kuma matar Waziri Giɗaɗo, ta kafa 'Yan Taru. Takan naɗa dattijuwa a matsayin jaji, ta ba ta malfa, ita kuma jajin ta jagoranci 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka su zo su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da na gida. Sukan zo da hatsi da zuma da man shanu, Nana ta rarraba wa mabuƙata. Ta rasu a 1864, amma 'Yan Taru sun ci gaba bayanta.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Daga nan kuɗin ƙasa suka koma haraji, ana biyan malaman boko albashi daga baitulmali, malamin allo kuwa aka bar shi da abin da iyaye suka iya. Rayuwar Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta nuna yadda hanya ta rabu. Ya fara da allo a garinsu, ya wuce makarantar lardi a Sakkwato, sannan kwalejin Katsina, ya dawo ya zama hakimin Rabah a 1934. Shi jinin sarauta ne, ƙofar boko ta buɗe masa. Yawancin waɗanda suka zauna gindin wuta tare da shi ba su samu wannan dama ba.

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin cike giɓin. An fara ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da UBE a cikin birnin Sakkwato. A 2012 Shugaba Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, mai haɗa Alƙur'ani da boko. Da yawa daga irin waɗannan makarantu sun shiga wani hali bayan an yanke zare an watse, domin gini ana yin sa sau ɗaya, abinci da albashi kuwa kullum ne.

Goronyo ta nuna mana inda matsalar take yau. Ƙasa ce ta noman rani, ga madatsar ruwa a kan kogin Rima, ga albasa da tafarnuwa da shinkafa. Amma ambaliyar 2010 ta cinye gonaki da gidaje, a Oktoban 2021 kuma 'yan bindiga suka kashe mutane da dama a kasuwar garin. Manomin da ya bar gonarsa ba shi da damin da zai kai wa malam. Malam ya kwashi yara zuwa birni, yaro ya ɗauki kwano. Nauyin da gari ke ɗauka a da ya dawo kan ɗan shekara bakwai.

Saboda haka duk mai son tallafa wa makarantar addini ta kyauta a ƙauye, ya fara da cikin malami. Gonar waƙafi da za ta riƙa ciyar da makaranta, wani kaso na zakkar shinkafa da gero, albashin malamin lissafi da karatun boko a gefen na Alƙur'ani, da malama mace domin 'yan mata: waɗannan su ne za su bar yaro ya yi karatu a gaban iyayensa. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma masu hali a garuruwan nan ba su ƙare ba.

Mu kuma marubuta, mun cika littattafanmu da almajiri mai tsumma a ƙofar gida. Mu bi shi baya zuwa ƙauyensu, mu rubuta gonar da aka bari, da rumbun da ya bushe, da malamin da babu mai biyansa. Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya, amin.