Lokacin Da Amurka Ta Manta Yadda Ta Haɗa Makaminta

Tun ranar 23 ga Satumba 1992, da Amurka ta tayar da bam ɗin nukiliya a ƙarƙashin hamadar Nevada, ba ta sake irin wannan gwaji ba. Makaman da ke ajiye kuwa tsufa suke yi, dole a riƙa yi musu kwaskwarima.

A shekarar 2000 aka tashi sabunta W76, kan makami mai linzami da jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku ke ɗauka. A cikinsa akwai wani sinadari na sirri mai suna Fogbank, wanda aka haɗa a masana'antar Y-12 da ke jihar Tennessee tsakanin 1975 da 1989. Da aka zo sake haɗa shi, sai aka tarar an rufe sashen da ke haɗa shi, takardun bayani kaɗan suka rage, kuma kusan duk waɗanda suka iya aikin sun yi ritaya ko sun bar wurin. Aka gina sabon sashe, aka bi abin da ke rubuce, amma kaya suka ƙi fitowa daidai. Ashe wani ɗan gurɓataccen abu da ke cikin kayan haɗin farko yana da amfani, sabuwar hanyar tacewa kuma ta kawar da shi. Ofishin binciken majalisar Amurka, GAO, ya ce a 2009 matsalar ta ci shekara guda da ƙarin dala miliyan 69.

Irin wannan ɓacewar ilimi ake neman magancewa yanzu. A da, injiniya a cibiyar bincike ta Sandia zai zana wani ɓangare na makami a takarda, ya tura masana'antar Kansas City, ma'aikaci ya duƙa yana fassara layuka da lambobi. Yau ana komawa ga samfuri guda a kwamfuta, mai tsawo da faɗi da kauri, ɗauke da awo da irin ƙarfen da za a yi amfani da shi. Injin sassaƙa da na'urar awo daga gare shi suke karantawa, gyara ɗaya kowa ya gani.

Ci gaba ne babu shakka, sai dai kwamfuta abin da aka zuba mata kawai take riƙewa. Gurɓataccen abin nan da ba wanda ya san da shi, da wuya ya shiga kowane samfuri.

Aikin sabunta makaman dai bai tsaya ba. An kammala sabunta bam ɗin B61-12 a Disamba 2024, sannan a Mayu 2025 masana'antar Pantex da ke Texas ta haɗa B61-13 na farko.