Wakili da Talakawansa: Aikin Ɗan Majalisa a Ƙasar Gwandu da Argungu

Kalmar wakili ta daɗe a bakin Hausawa tun ba a san zaɓe ba. Daga Larabci aka aro ta, ma'anarta kuwa wanda aka danƙa wa amana ya tsaya a madadin wani. Amma a tsarin sarauta, wakili na sarki ne, shi ke kai maganar sama zuwa ƙasa. Sa'ad da aka kafa majalisa a Kaduna, sai aka juya kalmar, aka ce wakili na talakawa ne, shi zai kai kukan ƙasa zuwa sama. Tarihin aikin ɗan majalisa a ƙasar Gwandu da Argungu tarihin wannan juyi ne, juyin kuwa har yanzu bai kammala ba.

Kafin zuwan majalisa, duk abin da ya shafi makaranta da magani a hannun En'e ya ke. Bayan rikicin Satiru na 1906 Turawa suka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru, suka naɗa Haliru Abdu, daga zamanin nan kuwa Birnin Kebbi ta zama mazaunin mulkin Gwandu. Argungu ita ma ta tsaya da tata En'e, a ƙarƙashin Sarkin Kabi, dukansu biyu cikin Lardin Sakkwato. Ko wace En'e tana da baitulmalinta. Daga haraji da jangali a ke biyan malaman elementare da ma'aikatan ɗakunan shan magani da 'yan doka. Talaka yana biya, amma ba shi da bakin tambaya. In ƙauye na son rijiya, sai dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, sarki ya shawarta da Di'o. In maganar ta mutu a hanya, shi ke nan.

Tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 shi ya haifi Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa, suka fara zama a Kaduna cikin 1947. Wakilan farko ba jama'a suka zaɓe su ba, En'e-En'e suka tsamo su daga cikin ma'aikatansu, ikonsu kuma bai wuce ba da shawara ba. Duk da haka daga cikinsu aka sami Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauchi, wanda cikin Agusta 1950 ya kawo batun a binciki tsarin En'e a gyara shi, domin talaka ya san haƙƙinsa. Batun ya wuce da ƙyar, amma ya yi 'ya'ya. Cikin 1952 aka soke ikon sarki shi kaɗai, aka ce sai da majalisarsa, sa'an nan aka yi Dokar En'e ta 1954, wadda ta tanadi majalisun gunduma da na ƙauye. A nan ya kamata mai nazari ya tsaya. Wannan wakili bai gina wa kowa aji ko rijiya ba, ga shi kuwa abin da ya yi ya taɓa Jega da Bunza da Augie, gama ya gyara hanyar da kuɗin jama'a ke bi.

Zaɓen 1951 na hawa-hawa ne, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, mata kuwa ba su sami ƙuri'a a Arewa ba sai bayan 1975. Sabo da haka mafi yawan waɗanda suka tafi Kaduna daga wannan yanki mutanen fada ne ko ma'aikatan En'e. Mutum yana wakili a Kaduna, in ya komo gida kuma bara ne ga wanda ya kamata ya bincika. Masu sarautar ma suna cikin majalisa. Sarkin Gwandu Yahaya, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1954, sunansa ne a kan babban asibitin Birnin Kebbi. Magajinsa Alhaji Haruna ya shugabanci Majalisar Sarakuna ta Arewa, har soja suka rufe majalisu cikin Janairu 1966.

Misalin da ya fi nuna yadda ayyuka ke saukowa daga sama shi ne yaƙin da aka yi da sauro. Fadamar Rima, wadda ke ba da shinkafa da kifi, ita ce kuma gidan zazzaɓin cizon sauro. Cikin 1954 aka soma gwajin kashe sauro a yammacin Lardin Sakkwato, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, Likita Bruce-Chwatt yana cikin jagororin aikin. Aka raba ƙasar kashi uku, ana fesa wa bangon ɗakuna magunguna iri uku, watau DDT da BHC da dieldrin. Da fari zazzaɓi ya ragu ga jarirai. Amma kafin shekara biyu sai aka tarar sauron wajen Ambursa ya daina jin dieldrin. Aka kai irinsa London aka yi ta bincike, har sunan Ambursa ya shiga littattafan masana. Feshi bai yanke cutar ba, binciken da aka yi a Garki ta ƙasar Kano tsakanin 1969 da 1976 ya kuma tabbatar da cewa a irin wannan ƙasa feshi da ƙwaya ba su isa su tumɓuke ta ba. Abin lura a nan shi ne, aiki irin wannan yakan zo da kuɗin waje da ma'aikatan waje, in sun tafi sai ya tsaya. Abin da ke dawwama shi ne albashin ma'aikacin ɗakin shan magani da maganin da ke kan kantarsa, waɗannan kuwa a kasafin kuɗi a ke samunsu, kasafi kuma a majalisa a ke amincewa da shi.

Haka al'amarin ilmi. Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koya wa manya karatun boko da Hausa, Dokar Ilmi ta Arewa ta 1962 ta buɗe hanyar kafa hukumomin ilmi na ƙasashe, shirin firamare kyauta na 1976 kuma ya cika azuzuwa da yara tun ba a tanadi isassun malamai ba. Ko wanne daga cikin waɗannan ya tsaya ne ko ya faɗi a kan tambaya guda: wa zai biya malami baɗi?

A tsakanin nan ƙasar ta yi ta sauya riga. Ta shiga Jihar Arewa maso Yamma cikin 1967, ta koma Jihar Sakkwato cikin 1976, shekarar da aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Kebbi, hedkwatarta Birnin Kebbi. Majalisar Dokokinta tana da kujeru 24, jihar kuma tana da ƙananan hukumomi 21. Tsarin mulki na 1999 ya ba wannan majalisa iko uku manya: yin doka, amincewa da kasafi, da binciken yadda aka kashe kuɗi. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shardanta cewa jiha ba ta samun tallafin tarayya sai ta ajiye nata kason. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. Ga ƙofofi nan a buɗe ga wakilin da ya san aikinsa.

Amma me jama'a ke auna shi da shi? Buhun shinkafa da azumi, kuɗin jarrabawar 'yan makaranta, rijiyar burtsatse mai ɗauke da sunansa. Ba a ce waɗannan ba alheri ba ne, wanda ambaliyar 2020 ta cinye wa gona a fadamar Argungu ba zai raina buhu ba. Illarsu ita ce sun komar da wakili kan ma'anarsa ta dā, mai sauko da kyauta daga sama, sun mai da mai ƙuri'a mai roƙo. Wanda kuwa ya ke jiran Gwamna ya sakar masa kuɗin aikin mazaɓa, da wuya ya tsananta binciken Gwamnan. Matsalar ma'aikacin En'e na 1951 ke nan ta komo da wata kama.

Malaman kwalejojin horon malamai su ne a kan gaba wajen gyaran wannan fahimta, gama ɗalibansu za su watsu ƙauyuka su koyar da ilmin zaman ƙasa. In sun zo kan kalmar wakili, ya kamata su nuna wa yara fuskokinta biyu, su kuma koya musu tambayoyin da suka dace da mai neman ƙuri'a: nawa aka ware wa makarantar garinmu, nawa aka saki, me ka ce a majalisa da ba a saki sauran ba?