Yadda Kiɗanmu Ya Bar Hannun Makaɗi Ya Shiga Fiyano

A Kanan-Bakashe, kamar sauran garuruwan da ke tsakanin Mayayi da Tasawa, kiɗa sana'ar gado ce. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta ranar gayya, tambari da algaita na ƙofar fada, ƙwarya da shantu kuma na mata a cikin gida. Makaɗan ba sa rubuta ko ɗaya a takarda. Yaro yakan bi ubansa shekara da shekaru yana riƙe da ɗan karɓi, har taken kowane gida ya zauna masa a hannu. In makaɗi ya kwanta dama bai bar magaji ba, to an rufe shi da abin da ya sani.

Ni ba ɗan gidan makaɗa ba ne. A Maraɗi na koyi fiyano, kuma da shi nake ciyar da iyalina, ina haɗa wa mawaƙan biki da na siyasa kiɗa. Yanzu samari kan zo mini da tsohuwar waƙa a katin waya, su ce in juye musu ita ta koma MIDI, domin su cire muryar mai ita su ɗora tasu. Suna ganin aikin minti biyu ne na kwamfuta. Hanyar da kiɗanmu ya biyo kafin ya iso nan doguwa ce, kuma a kowane zango ya bar wani abu a baya.

Rediyo ce ta fara raba sauti da mai shi. An buɗe Rediyon Nijar a 1958, wadda daga baya ta zama Muryar Sahel, kuma a ƙasarmu ta Gulbin Kaba ana kama Rediyon Kaduna tangaran. Masu bincike ma sun zo da na'urorinsu. Tolia Nikiprowetzky ya naɗi makaɗan Nijar a farkon shekarun 1960, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da su a faifai. Veit Erlmann, Bajamushe, ya zauna da masu kiɗan bori a yankin Maraɗi, ya buga bincikensa a 1982. Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya cika kasuwanninmu bayan ƴan shekaru. Ta cikinsa Mamman Shata da Ɗan Anace da Haruna Uji da Ɗan Gurmu suka shiga kowane zaure. Kaset amintacce ne, domin yana riƙe komai: amshin ƴan karɓi, guɗar mata, har tarin wani tsoho a bayan fage. Aibinsa ɗaya, ba ka iya ware kalangu daga murya, ko ka canza hannu guda na makaɗin.

Wanda ya fara ɗaukar kiɗan gargajiyar Nijar ya sa shi cikin na'urar lantarki, Mamman Sani ne. Da fiyanon lantarki ƙirar Italiya yake kwaikwayon waƙoƙin ƙasar nan da kunnensa, ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon ƙasa a 1978. Dattawanmu sun san sautinsa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin ko da ba su san sunansa ba. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da kaset ɗin a 2013. Lokacin da Mamman Sani ya naɗi kaset ɗin MIDI bai ma zo duniya ba.

A watan Janairun 1983 aka nuna shi a bainar jama'a, wajen baje kolin kayan kiɗa a Kalifoniya, inda aka haɗa fiyanon kamfanin Sequential Circuits na Dave Smith da na kamfanin Roland na Ikutaro Kakehashi da waya guda, aka taɓa wannan, wancan ya amsa. Abin da samarinmu ba su cika ganewa ba shi ne, babu sauti ko kaɗan a cikin fayil ɗin MIDI. Umarni ne zalla: wane maɓalli aka danna, yaushe, da wane ƙarfi, yaushe aka saki. An ba maɓallan lambobi daga 0 zuwa 127, ƙarfin dannawa ma haka, kuma ana iya tafiyar da layi 16 na kayan kiɗa a lokaci guda. Kamar sawun raƙumi ne a rairayi, yana nuna maka inda ya taka da saurin tafiyarsa, amma raƙumin ba ya nan. Shi ya sa fayil ɗin ba shi da nauyi. Waɗanda suka riƙe wayoyin Nokia a farkon shekarun 2000 sun ji shi a cikin ƙararrawar kira mai kiɗa.

A 1991 kamfanonin kayan kiɗa suka amince da jerin muryoyi 128 da kowane fiyano zai zo da su. Na sha bin jerin nan da yatsa. Akwai sitar ta Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai kalimba daga Afirka. Babu kalangu, babu goge, babu gurmi, babu kakaki. Abin da ya fi kusa da algaitarmu shi ne lamba 112, shanai ta Indiyawa, mai harshen kara irin nata.

Da wannan jerin Kano ta gina sabuwar sana'a. Bayan fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofar finafinan bidiyo a 1990, masu shirya fim sun buƙaci kiɗa mai sauƙin kuɗi wanda za a yi a ɗaki guda. Ɗakin naɗar sauti na Iyan-Tama ya kawo fiyanon Yamaha samfurin PSR, samari suka zauna suna laluben muryar da ta yi kama da sarewa, wadda ta yi kama da goge, wadda ta yi kama da duma. Waƙar fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ta nuna cewa kasuwa ta karɓa. Daga Kano kaset ya bi ta Katsina da Jibiya ya shigo Maraɗi, wani ya bi ta Daura da Zinder, kafin a ankara ƴanmatan Kanan-Bakashe sun haddace.

A nan ne aikin juye waƙa zuwa MIDI ya fara a ƙasar Hausa, kuma da kunne aka fara shi. Mawaƙi zai rera, mai fiyano ya bi shi da yatsa har ya kama karin, ya danna, na'ura ta adana. Sai ya dawo ya ɗora ganga, ya ɗora sarewa, layi bisa layi. Haka ubangidana ya koya mini. Yakan saka kaset ɗin mai gurmi ya ce, "Yaro, kar ka taɓa maɓalli sai ka iya rera abin da tsarkiya ta faɗa." Mutum ɗaya ya koma yana yin aikin ƙungiya guda, kuma ba zan ɓoye ba, mu muka cinye wa masu kalangu rabonsu na biki. Da yawansu sun jingine ganga sun tafi cin rani.

Manhajojin da ke yin juyin da kansu daga baya suka zo. Melodyne ta ƙasar Jamus ta soma ware sautuka masu haɗe da juna a 2009, Ableton Live 9 ta zo da nata a 2013, sannan Spotify ya saki Basic Pitch kyauta a 2022, wadda ake jefa wa waƙa ta intanet ta mayar da fayil. Ga abin da nake gani idan na ba su kiɗanmu.

Gurmi shi ya fi fitowa da tsabta, in dai shi kaɗai aka naɗa, domin kowane taɓi yana da farko bayyananne. Goge kuwa wahala ce. Tsarkiyarsa izgar doki ce, yatsa yana zamewa a kanta, sautin yana zama a tsakanin maɓalli da maɓalli, alhali fiyano ya raba tsani gida goma sha biyu ne kawai. Manhaja takan ja shi zuwa maɓalli mafi kusa, ko ta daddatsa ja ɗaya na baka ya koma ƙananan sautuka barkatai. Akwai umarnin lanƙwasa sauti a cikin MIDI, kuma Basic Pitch tana ƙoƙarin kama shi, amma sai an bi da hannu an gyara. In tsohon kaset ne da ya sha rana ya saki, ko aka naɗa da batir mai rauni, dukan waƙar takan sauka daga inda take.

Kalangu ne ya fi ci mini rai. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗaure ko ta saki, ganga ta hau ta sauka yadda harshen Hausa ke hawa da sauka. Da haka take kiran sunan mutum, ta yi masa kirari, mahauci ya ji takensa daga bayan kasuwa ya miƙe. Manhajar da ke juya ganga an koya mata gangunan Turawa ne. Tana jin duka, sai ta raba shi tsakanin babbar gangar ƙafa da ƙarama da faifan ƙarfe. Lokacin dukan yana nan daidai, maganar ta tafi. In kuma aka danna maɓallin daidaita lokaci, ɗan jinkirin nan da ke sa ƙafa ta motsa shi ma ya bi ta. Sabon tsarin MIDI 2.0 da aka amince da shi a 2020 yana ba kowane sauti damar lanƙwasa tasa, amma fiyanon da ke hannunmu a Maraɗi da Tasawa tsofaffi ne.

Duk da haka ba na kushe abin. Da fayil ɗin MIDI nakan rage saurin waƙa ba tare da ta canza murya ba, yaro ya ga karin gurmi a allon kwamfuta ya bi shi a hankali. Amma koyo na gaskiya yana gaban mai shi. Marigayi Malam Maman Barka, wanda ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadj Taya a Yamai, da ya ji biram, kayan kiɗan Buduma, na shirin ɓacewa, takanas ya tafi bakin Tafkin Cadi ya zauna wajen Boukar Tar har ya iya.

Don haka ina kira ga samarin Kanan-Bakashe masu manyan wayoyi. Dattawan da suka san taken mahauta da na manoma da na ƴan kokowa suna nan da rai a unguwanninmu da ƙauyukanmu. Ku je ku gaishe su, ku nemi izini, ku ba su goronsu. Ku naɗi kowace ganga ita kaɗai a wuri marar hayaniya, ku sa baba ya faɗi sunansa da garinsa da mai taken, ya kuma furta da baki abin da gangar ke cewa. In kun juye ta zuwa MIDI, ku ajiye sautin asali a katin tare da fayil ɗin, kada ku goge shi don neman wuri.